Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar NIWA a kan kogin Kwara da masu hawansa

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida ta Ƙasa, wato NIWA, Lokoja, jihar Kogi.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan kogin Kwara, wanda takardunku ke kira kogin Neja, musamman daga inda ya shigo Najeriya ta ƙasar Kebbi har ya iso ƙofar ofishinku a Lokoja. Na sa wasiƙar a fili saboda maganar ta shafi wasu ma bayan ku. Akwai rabon kamfanonin da ke riƙe da madatsun ruwa, akwai na hukumar HYPPADEC da ke Minna, mai raya yankunan da madatsun wutar lantarki suke, akwai na gwamnonin Kebbi da Neja da Kwara da Kogi. Amma tunda ku dokar 1997 ta ɗora wa kula da hanyoyin ruwa, ku zan tunkara, sauran su ji ta gefe.

Duk lokacin da hukuma ta tashi zancen sufuri a kogin nan, sai ta yi shi kamar wani abu ne da za a kawo mana wata rana. Za a yashe, za a gina tasha, manyan jirage za su hauro daga Warri ɗauke da kwantena. Alhali sufurin yana nan, bai taɓa tsayawa ba. Duk ranar kasuwar Yauri ko Wara ko Malale ko Katcha, jama'a ne maƙil a kan ruwa, da buhunan shinkafa da albasa da kwandunan busasshen kifi da babura da awaki, cikin jiragen katako da aka ɗaura wa inji a baya. Waɗannan su ne jiragen ruwan da arewa ke da su a yau, su ne kuma muke jin labarin kifewarsu kowace shekara.

Kafin in kai can, bari in tuna mana halin kogin, don babban ɓangaren matsalar daga rashin lura da halinsa yake. Kwara na da tsawon kilomita kusan 4,180, a Afirka Nilu da Kongo ne kawai suka fi shi. Yana ɓuɓɓugowa daga tsaunukan ƙasar Gini, a wurin da tazararsa da tekun Atlantika ba ta wuce kilomita 240 ba, amma maimakon ya gangara can sai ya nufi hamada. Ya bi ta Bamako da Segu, ya bazu a wata makekiyar fadama a tsakiyar Mali wajen Mopti, ya gifta kusa da Tambutu, sannan ya karyo ta Gao, ya sauko Yamai da Gaya, ya shigo mana. Gulbin Sakkwato ya zuba masa a Kebbi, kogin Kaduna ya same shi wajen Muregi a ƙasar Nupe, Binuwai kuma a gabanku.

Wannan zagayen ne ya sa muke samun cikowa biyu a shekara, abin da ba kowane kogi ke da shi ba. Akwai farin ruwa, wanda daminarmu ta kusa ke haifarwa, mai kauri da laka, da ke tumbatsa wajen Satumba zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa. Shi wannan ruwan saman da aka yi a Gini ne tun damina, ya yi watanni yana ratsa fadamar Mali a hankali, ya ajiye lakarsa a can, rana ta sha kaso mai yawa daga cikinsa, sai ya iso mana a tace tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Sarkawa masu su, da Gungawan tsibiran Yauri masu noman albasa, da Kyadyawan Nupe da suka riƙe fito da dakon kaya a ƙarƙashin sarkinsu Kuta na Muregi tun kafin zuwan Turawa, duk a kan waɗannan cikowa biyu suka gina shekararsu. Matuƙi ya san watan da wani dutse ke leƙowa da watan da yake ɓuya. Ya san inda yashi ke taruwa bayan farin ruwa ya wuce. Ilimi ne da ɗa ke ɗauka a wurin ubansa, kuma yana aiki muddin kogin na bin ɗabi'arsa.

Daga 1968 kogin ya daina bin ɗabi'arsa shi kaɗai. An fara aikin madatsar Kainji a 1964, aka tare ruwa a 1968, aka buɗe ta a farkon 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai kilomita 135 a tsayi. Ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Baturen nan mai binciken kogin, Mungo Park, ya halaka a 1806, ya haɗiye tsibirai da gonakin fadama, aka tashi mutum kimanin 44,000 aka kai su sababbin matsugunai irin New Bussa. Aka kafa injina takwas masu ƙarfin megawat 760, duk da an yi wa goma sha biyu gurbi. A 1985 Jebba ta biyo baya, kilomita kusan 100 a ƙasan Kainji, da megawat 578. A kan kogin Kaduna aka yi Shiroro a 1990 mai megawat 600, daga baya kuma Zungeru mai 700. Idan aka haɗa ƙarfinsu a takarda ya haura megawat 2,600, a ƙasar da wutar da ake rabawa gaba ɗaya ke yawo tsakanin 4,000 da 5,000. Ba na cikin masu tsine wa madatsun nan. Wutarsu ce mafi araha da muke da ita, sun kuma sha tare ambaliyar da in ba don su ba da ta share garuruwa. Tafkin Kainji ya kawo kifi, har aka kafa cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa. Sai dai duk wanda ya tare kogi ya karɓi ragamar zurfinsa, kuma a nan ne maganarku ta shigo.

A saman madatsa, abin da ke kashe mutane kututture ne. Lokacin da aka cika tafkin ba duk dajin aka share ba. Itatuwa da yawa an bar su a tsaye ruwa ya rufe su, icen da ke cikin ruwa kuwa ba ya saurin ruɓewa, shekara hamsin da ɗoriya suna nan. Tafkin kuma yana hawa da sauka kusan mita 10 a shekara: ya cika bayan baƙin ruwa, a yi ta jan sa ana yin wuta har ya yi ƙasa sosai a farkon damina. Kututturen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya a Janairu, a watan Yuni yana ɗan ƙasan fuskar ruwa, ido ba ya ganinsa, cikin jirgi ne zai same shi. Haka zancen yake a tafkin Jebba da na Shiroro. Na san an taɓa yin aikin sare wasu kututturan, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Amma ba wanda zai iya share tafki mai girman Kainji, ba ma a bukatar hakan. Hanyoyin da jiragen kasuwa ke bi sanannu ne, ba su da yawa. A auna su ɗaya bayan ɗaya a lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, a sare abin da ke kansu, a jera musu alama mai yawo a kan ruwa wadda ake hangowa daga nesa. Ko gangunan roba ne aka shafa wa fenti aka ɗaure da sarƙa, sun fi babu. Tsofaffin matuƙa da sarakunan ruwa sun san mazaunin mugayen itatuwan nan, wasu har suna gare su. Ku ɗauke su aiki ku biya su, kada ku tsaya jiran ɗan kwangila daga Abuja ya zo ya gano abin da suka sani tun suna yara.

A ƙasan madatsa kuma, hannun da ke kan ƙofa ne ke hukunci. Yawan ruwan da ke wucewa Jebba ya dogara da injina nawa aka kunna, wannan kuma ya dogara da bukatar wuta a Legas da Abuja da Kano, ba da bukatar mai fito a Patigi ba. In farin ruwa ya zo da ƙarfi tafki ya cika, dole a buɗe ƙofofin zubarwa don kada madatsar ta samu lahani. Kainji ta saki, Jebba ta saki, Shiroro da Zungeru su saki ta kogin Kaduna, duk su haɗu a fadamun Mokwa da Lavun da Edati da Katcha da Edu da Patigi, inda shinkafar Nupe take. Idan madatsar Lagdo ta Kamaru ta ƙara nata ta Binuwai, ku da kanku kun ga abin da ya faru da Lokoja a 2012 da 2022, har hanyar Abuja ta yanke, tireloli suka yi kwanaki a jere.

Kamfanonin kan ce suna sanarwa kafin su saki ruwa, na kuma yarda suna aika takarda. Tambayar ita ce inda takardar ke tsayawa. Ta je ofishin gwamna, ta je hukumar agajin gaggawa, a karanta a labaran Turanci na dare. Matuƙin da zai tashi da asuba daga wani ƙauye a Mokwa bai ji ba. Ya fito ya tarar ruwa ya ƙara gudu, bakin gaɓar da yake tsayawa ya nutse, tsibirin yashin da yake kewayewa ya ɓace a ƙarƙashi. Abin da nake roƙo a nan ba ya cin kuɗi: ku zauna da kamfanin Mainstream mai riƙe da Kainji da Jebba, da North South Power mai Shiroro, da hukumar NIHSA mai auna ruwa, ku fitar da bayanin kogi na kullum kamar yadda ake ba da hasashen yanayi. Yau ruwa a Yauri kaza ne, gobe za a ƙara saki a Jebba, jibi zai iso Muregi. A faɗa a rediyo da Hausa da Nufanci, a tura da murya ta WhatsApp ga shugabannin ƙungiyoyin matuƙa da sarakunan ruwa. A kowace babbar tashar fito a kafa sanda mai zanen awo, da jan layi wanda in ruwa ya kai shi kowa ya san yau ba a cika jirgi. Alƙaluman nan suna hannun injiniyoyin madatsa kowace safiya. Fitar da su ne kawai ba a yi.

Yanzu ga abin da rashin waɗannan ke jawowa, haɗe da wasu dalilan. A watan Mayun 2021 jirgi ya tarwatse tsakanin Lokon Minna da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, da mutum sama da 150 a ciki, waɗanda aka tsamo da rai ba su fi ashirin da 'yan kai ba. A Yunin 2023 'yan biki da ke komawa ƙauyukan Patigi daga Egboti cikin dare suka kife, sama da 100 suka rasu, rahotanni suka ce kututture jirgin ya daka. A Oktoban 2024 jirgin masu zuwa Maulidi, yawancinsu mata da yara, ya kife kusa da Gbajibo a saman Jebba. Bayan wata biyu ba cika ba, 'yan kasuwa daga Kogi da suka nufi Katcha suka bi sahu. Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan kowanne, kalaman da muke ji iri ɗaya ne: an yi lodi fiye da kima, an yi tafiyar dare, ba a sa rigar kariya ba, jirgin ya tsufa. Duk gaskiya ne, ba na kare matuƙin da ya ɗora mutum ɗari biyu a jirgin mutum tamanin don kwaɗayin kuɗin fito. A hukunta shi. Amma in hukuma ta tsaya a nan, ta yi ihu bayan hari ne kawai.

Mutum ba ya shiga jirgin da ya ga bakinsa na shan ruwa don ya gaji da rayuwa. Yana shiga ne don shi kaɗai ne zai tashi yau, in ya bari sai mako mai zuwa, kayan gwari kuma ba sa jira. Matuƙi yana cika shi ne don tun da aka cire tallafin mai a 2023, sawu ɗaya da rabin lodi ba ya fitar da kuɗin fetur. Ana tafiyar dare ne don kasuwa ba ta watsewa sai yamma, kuma babu wurin kwana mai aminci a bakin ruwa. A wasu yankunan Borgu da Shiroro ma, ruwan ne hanyar da ta rage, don 'yan bindiga sun tare ta tudu. Dokar hana tafiyar dare tana nan a rubuce, an kuma raba rigunan kariya, na yaba. Sai dai riga hamsin a tashar da mutum ɗari uku ke hawa ranar kasuwa, wa za a ba wa za a hana? Jami'inku ɗaya da ke tsaye a gaɓa, in ya hana jirgi tashi da magariba, ina zai kai matan da ke goye da jarirai?

Shi ya sa nake ganin kuɗin da ya fi kowanne amfani a kogin nan shi ne na jirgin fito na ƙarfe, mai faɗi, mai lokacin tashi sananne, a 'yan mashigai ƙalilan da kowa ya san can ne cunkoson yake: tsallaken Patigi, tsakanin Wara da gaɓar Borgu, wajen Gbajibo, da hanyar kasuwar Katcha. Ya yi sawu biyu ko uku ranar kasuwa, na ƙarshe ya tashi kafin la'asar sakaliya. Kada kuma a kori masu jiragen katako, don su ne ke shiga lungunan da babban jirgi ba zai shiga ba. A yi musu rajista, a zana wa kowane jirgi layin lodi a jikinsa, a duba katakonsa sau ɗaya a shekara kafin farin ruwa, a ba ƙungiyoyinsu rance su sauya waɗanda suka ruɓe. Maƙeran jirgi na Yauri da Malale sun iya aikinsu, icen kirki ne ya yi tsada har suke faci a kan faci.

Sai Baro, garin bakin kogi a jihar Neja da aka gina wa tashar jiragen ruwa. Ba na so a ɗauka ina raina burin ganin manyan jirage, don tarihi ya nuna abin mai yiwuwa ne. Turawa sun fara shimfiɗa dogo daga Baro a 1907 ya isa Kano a 1911, takamaimai don a sauko da kayan arewa bakin kogi a zuba a jirgin ruwa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kilomita 572 daga Warri zuwa Baro a Lokoja a 2009, aikin da ya ci sama da naira biliyan 30. Marigayi Muhammadu Buhari ya buɗe tashar Baro a Janairun 2019. Tun daga nan, tashar ta fi ganin tawagar masu ziyarar gani da ido fiye da jiragen kaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro ta yi shekaru tana jan ƙafa, reshen dogon da ya haɗa Baro da Minna ya daɗe da mutuwa, yashin da aka kwashe kuwa kogi ya mayar da abinsa, don yashe kogi kamar sharar tsakar gida ne, wanda ya yi yau sai ya sake gobe. Kuma ko an gyara duka ukun, jirgin kaya mai nauyi ba zai iso Baro a watan Afrilu ba sai Jebba da Shiroro sun saki ruwan da zai ɗauke shi. Ma'ana tashar Baro ma tana bukatar yarjejeniyar nan da masu madatsa, irin wadda mai fito ke bukata. Ku gaya wa 'yan kasuwar Kano da Kaduna gaskiya: wata nawa a shekara hanyar ke ɗaukar jirgi, mai nauyin tan nawa, kuma wa zai biya kuɗin yashewar kowace shekara. Ba ɗan kasuwar da zai ɗora kayansa a kan jawabin buɗe taro.

Akwai kuma abin da ke zuwa daga sama, wanda ban ji kuna maganarsa ba. Jamhuriyar Nijar na gina madatsar Kandaji a yankin Tillaberi, Mali na da shirin Taoussa, Gini na da na Fomi, ban da Selinge da Markala da suka daɗe suna aiki a Mali. Haƙƙinsu ne, kogin ya ratsa su kafin ya iso mu, kuma yanke wa Nijar wuta da aka yi a Agustan 2023 ba abin da ya ƙara musu sai ƙwarin guiwar neman tasu. Amma duk abin da aka tare a can, daga baƙin ruwanmu za a cire, shi ne kuwa ke cika Kainji ya riƙe wuta da fito har ƙarshen rani. Najeriya na da kujera a Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe tara da ke Yamai. Ya kamata wanda ke zama a kujerar ya tafi da lissafin masu jirgi a aljihunsa, ba na masu wuta da noman rani kaɗai ba, kuma ku ne ya dace ku ba shi lissafin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayata ta ƙarshe a kan Kainji ce. Waɗanda suka zana madatsar ba su manta da jirgi ba. Sun gina mata ƙofar wucewa, wani ɗaki da jirgi ke shiga a rufe, a cika shi da ruwa ya ɗaga jirgin zuwa tafki ko a rage ya sauke shi ƙasa, an kuma yi wa Jebba irinta. Manufar ita ce jirgin kaya ya taso daga teku ya wuce Yauri har ya kai Gaya da Yamai. Lokacin da aka miƙa madatsun biyu ga kamfani a 2013, a hannun wa aka bar waɗannan ƙofofi, ku ko su? Yaushe jirgi ya wuce ta cikinsu na ƙarshe? In suna gyaruwa, ku faɗi kuɗin da lokacin. In kuma an haƙura da su, ku fito ku faɗa, don mutanen Kebbi su daina jin ana lissafa su cikin masu cin gajiyar tashar Baro, su san jirgin fito da alamar kututture za su nema a wurinku.

Ina jiran amsarku a inda jama'a za su gani, kamar yadda na rubuto.

Wassalam. Naku,
wani ɗan gaɓar kogi.